Zaɓen Ajin da Ya Dace da Haziƙin Yaro Mai Fargaba: Nazari Daga Garin Jos

1.0 Gabatarwa

A duk ƙarshen shekarar karatu, idan aka raba wa yara sakamakon jarrabawa, akan sami iyayen da ke komawa gida da tambaya mai wuyar amsawa. Ɗansu ya zo na ɗaya, ya kuma ba wanda ke bi masa rata mai yawa. Malaminsa ya ce zamansa a wannan aji ɓata lokaci ne. Hukumar makaranta ta kawo shawarar a tsallakar da shi aji guda, dangi kuwa suna cewa a nema masa makarantar haziƙai ko da ta kwana ce. Sai dai iyayen sun san wani abu da takardar sakamako ba ta nuna ba. Yaron nan ba ya samun barci daren jarrabawa. Yakan tashi da ciwon ciki ranar Litinin. Idan ya faɗi tambaya ɗaya cikin ashirin, sai ya wuni yana kuka kamar an yi masa mutuwa. To, wane aji ne ya dace da irin wannan yaro?

Wannan muƙala za ta yi ƙoƙarin amsa wannan tambaya. Za a fara da bayanin ma'anar muhimman kalmomi, sannan a dubi alaƙar da ke tsakanin baiwa da fargaba, da tarihin ilimin masu baiwa a Nijeriya, da yanayin garin Jos. Daga nan sai a auna ire-iren azuzuwan da ake da su, a kuma kawo abubuwan da ya kamata a duba kafin a yanke shawara. Ra'ayin da muƙalar ta ginu a kai shi ne, ajin da ya dace da haziƙi mai fargaba shi ne wanda ya haɗa masa abubuwa biyu a lokaci guda: aikin da ya kai ƙarfin ƙwaƙwalwarsa, da kuma kwanciyar hankalin da zai ba shi damar yin kuskure ba tare da ya ji duniya ta tashi ba. Batun ya shafi ɗaliban harshe kai tsaye, domin da yawansu aikin koyarwa za su yi, kuma da harshe ne ake gane abin da ke damun yaro.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

2.1 Baiwa da Hazaƙa

Hausa tana da kalmomi da dama na bayyana yaron da ya yi wa tsaransa fintinkau. Kalmar baiwa tana nuni da abin da aka ba mutum ba tare da ya wahala wajen nemansa ba. Hazaƙa da basira da fasaha kuwa an aro su ne daga Larabci. Hazaƙa ta fi karkata ga ƙwazo da ƙwarewa, basira ga saurin gane abin da ke ɓoye, fasaha kuma asalinta iya magana ne kafin ma'anarta ta faɗaɗa. A bakin ɗalibai akan ji ana cewa wane ƙwaro ne, ko kuma kansa yana ja.

A ƙasashen Turai da Amurka an daɗe ana ƙoƙarin auna wannan abu. Alfred Binet da Theodore Simon sun fito da gwajin kaifin ƙwaƙwalwa a Faransa a shekarar 1905. A 1978 kuma Joseph Renzulli ya nuna cewa maki kaɗai bai isa ba. A ganinsa, baiwa tana bayyana ne inda abubuwa uku suka haɗu: ƙwaƙwalwar da ta ɗara ta tsaka-tsaki, da naci a kan aiki, da ƙirƙira. Ke nan ba duk mai zuwa na ɗaya ne mai baiwa ba, haka kuma akan sami mai baiwa a can ƙarshen aji, ya gaji da maimaici ya koma zane a bayan littafi.

2.2 Fargaba da Danginta

Tsoro yana da abin da ya jawo shi a gaban mutum, kamar kare ko bulala. Firgita da razana kuwa farat ɗaya suke zuwa, su kuma wuce. Fargaba ta bambanta da su, domin abin da ake gudu bai riga ya faru ba, wataƙila ma ba zai faru ba. Ana iya ganin kalmar gaba a cikinta, kamar yadda ake cewa gabana ya faɗi. Zullumi shi ne tunanin abin da ke tafe yana ta cin mutum a rai. Tararrabi shi ne rashin tabbas a kan yadda abu zai kaya. Zaman ɗar-ɗar kuma shi ne halin wanda bai saki jiki da wurin da yake ba.

Fargaba kaɗan ba cuta ba ce, ita ce ma ke sa ɗalibi ya buɗe littafi kafin jarrabawa. Tana zama matsala ne idan ta daɗe, ta wuce ƙima, ta kuma hana yaro barci ko cin abinci ko zuwa makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da larurar fargaba a duniya, miliyan 58 daga cikinsu yara ne da matasa.

2.3 Bambancin Kunya da Fargaba

A nan ne malami Bahaushe ya fi saurin yin kuskure. Kunya hali ne abin yabo, har ma Anthony Kirk-Greene ya lissafa ta cikin siffofin mutumin kirki a nazarinsa da aka buga a 1974. Yaron da ya sunkuyar da kai, ya yi shiru gaban babba, akan ce yana da tarbiyya. Amma shirun mai kunya da na mai fargaba ba ɗaya ba ne. Mai kunya idan an ba shi izini zai yi magana, idan an tashi tara kuma zai shiga cikin yara ya yi wasa. Mai fargaba kuwa ya san amsa, yana son ya faɗa, amma murya ta maƙale, tafin hannu ya jiƙe da gumi. Akwai ma yaran da ke zuba surutu a gida, amma ba su taɓa furta kalma ɗaya a aji ba. An fi yin wannan kuskure a kan yara mata, saboda an riga an sa ran shiru daga gare su. Labarin zuciya, in ji Hausawa, a tambayi fuska.

3.0 Alaƙar Baiwa da Fargaba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa yawan basira shi ke kawo damuwa. Bincike bai goyi bayan wannan zato ba. Lewis Terman ya fara bin diddigin haziƙan yara kimanin 1,500 a Kalifoniya a shekarar 1921, ya kuma tarar da yawancinsu lafiyarsu ƙalau, suna mu'amala da jama'a yadda ya kamata. Wani nazari da Martin da Burns da Schonlau suka buga a 2010, wanda ya tattara sakamakon binciken da aka yi a baya, ya nuna cewa a jimlace fargabar yara masu baiwa ba ta kai ta sauran yara ba. Saboda haka idan aka ga haziƙi yana fama da fargaba, kada a ce ai haka masu ƙwaƙwalwa suke. A nemi dalili.

Dalilan da aka fi gani guda uku ne. Na farko, ƙwaƙwalwar yaron takan riga zuciyarsa girma. Ɗan shekara takwas yana iya fahimtar labarun rediyo kamar ɗan sha uku, ya gane mene ne rikici da mutuwa, alhali juriyarsa ta ɗan shekara takwas ce. Na biyu, rashin abokin tunani. Leta Hollingworth, wadda ta yi aiki da irin waɗannan yara a birnin New York, ta lura cewa waɗanda basirarsu ta yi nisa ƙwarai sukan sha wuyar samun abokai cikin sa'o'insu. Littafinta a kan haka ya fito a 1942, bayan rasuwarta.

Na uku shi ne irin yabon da ake yi wa yaro. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun gwada yara 'yan firamare. Wasu an yabe su da cewa suna da ƙwaƙwalwa, wasu kuma an yabe su da cewa sun yi ƙoƙari. Da aka kawo aiki mai wuya, waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa sun fi saurin karaya, sun kuma fi son aiki mai sauƙi don kada su kunyata. Wannan ya yi daidai da abin da ake gani a gidajenmu. Yaron da tun yana aji ɗaya ake kiransa likitan gida, kowane baƙo aka yi sai an kira shi ya yi karatu, yakan ɗauka cewa ƙaunar da ake yi masa tana rataye ne da zuwa na ɗaya. Ranar da ya zo na biyu, a wurinsa ba maki kaɗai ya rasa ba.

4.0 Ilimin Masu Baiwa a Nijeriya

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta shekarar 1977 ta sanya yara masu baiwa cikin waɗanda ke buƙatar ilimi na musamman, tare da makafi da kurame da sauran masu naƙasa. A wannan shekara ce kuma Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, inda ake zaɓar ɗalibai ta hanyar jarrabawa. A zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilimi daga 1985 zuwa 1989, aka tsara shirin ƙasa na ilimin masu baiwa. Daga wannan shiri ne makarantar haziƙai ta gwamnatin tarayya da ke Suleja ta samo asali, wadda aka buɗe a 1990. Hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar shiga cikinta. Daga baya Jihar Jigawa ta kafa tata a Bamaina, a zamanin Gwamna Sule Lamido.

Jihar Filato tana da tsohon tarihi a fagen ilimi na musamman. An kafa makarantar makafi ta Gindiri tun 1953. Jami'ar Jos, wadda ta fara a matsayin reshen Jami'ar Ibadan a 1971 ta kuma tsaya da ƙafarta a 1975, tana da sashen ilimi na musamman da ya yi suna a ƙasar nan.

Idan aka lura, za a ga cewa tsarin ƙasa ya fi karkata ga hanya ɗaya: a yi jarrabawa, a tsamo waɗanda suka fi maki, a tara su a makarantar kwana. Wannan hanya ta fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa. Amma jarrabawar zaɓe tana auna ƙwaƙwalwa ne kurum. Ba ta tambayar ko yaron zai iya kwana nesa da mahaifiyarsa, ko zai jure zama na ashirin bayan ya saba da na ɗaya. Wannan tambaya ta rage wa iyaye da malamai.

5.0 Yanayin Garin Jos

Akwai abubuwa uku da suka sa zaɓen aji a Jos ya bambanta da na Kano ko Katsina. Na farko shi ne yawan harsuna. Haƙar kuza ta jawo jama'a daga ko'ina tun farkon ƙarni na 20, suka tarar da Birom da Afizere da Anaguta. A aji ɗaya ana iya samun mai jin Birom da mai jin Ngas da mai jin Tarok da Bahaushe da Bafillace da Bayarabe da Ibo. Hausa ce harshen kasuwa da filin wasa, Ingilishi kuma na allo da jarrabawa. Yaro mai gudun kuskure yakan gwammace ya yi shiru da a yi masa dariya a kan furucin Ingilishinsa.

Na biyu shi ne tarihin rikici. Garin ya ga tashin hankali a watan Satumba na 2001, da Nuwamba na 2008, da Janairu na 2010. A ranar 20 ga Mayu, 2014 bama-bamai suka tashi a yankin Taminus, a watan Agusta na 2021 kuma aka kafa dokar hana fita ta sa'o'i 24 a Jos ta Arewa. Kowane ɓangare ya yi asarar rayuka da dukiya, kuma tun daga 2001 unguwanni suka riƙa rabuwa bisa addini. 'Yan firamaren yau ba su ga rikicin farko ba, amma sun tashi a gidajen da ake ba da labarinsa. Haziƙin yaro yana jin hirar manya, yana kuma gane fiye da yadda ake zato. Ga irin wannan yaro, hanyar makaranta wani ɓangare ce ta aji. Wanda zai fito daga Gangare ko Tudun Wada ko Unguwar Rogo ko Rikkos ya ratsa gari kullum, yana lura da fuskar mahaifinsa duk ranar da aka yi jita-jita, yakan isa aji a gajiye tun ba a fara darasi ba.

Na uku shi ne yawan makarantu. Jos ta daɗe da suna wajen ilimi, akwai na gwamnati da na mishan da na ƙungiyoyin Musulmi da na sojoji da masu zaman kansu. Yawan zaɓi alheri ne, amma yakan jawo gasa. Makaranta tana son ta yi talla da ɗalibin da ya shiga sakandare yana ɗan shekara tara, iyaye ma suna son a ji.

6.0 Ire-iren Azuzuwa

6.1 Aji na Gama-gari

Amfanin barin yaro cikin sa'o'insa shi ne yana tare da abokan da ya sani, kusa da gida, ba kuma wanda ya ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Illarsa ita ce maimaici. Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2004, ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma a makarantun gwamnati da yawa adadin ya zarce haka nesa ba kusa ba. Malamin da ke fama da cunkoso yakan mai da haziƙi manita, ko ya sa shi rubuta sunayen masu surutu, abin da ke ƙara raba shi da abokai. Bugu da ƙari, yaron da bai taɓa haɗuwa da aiki mai wuya ba ba ya koyon faɗuwa da tashi. Idan ya kai sakandare ya ci karo da lissafin da ya gagare shi a karon farko, sai ya ruɗe. Saboda haka barin mai fargaba a aji mai sauƙi don tausayi jinkirta matsala ne kawai.

6.2 Tsallaken Aji

Wannan ita ce hanyar da aka fi bi a makarantu masu zaman kansu, inda akan ɗauke yaro daga aji huɗu ko biyar a sa shi jarrabawar shiga sakandare. Bincike bai yi tir da tsallake ba. Wani rahoto da Jami'ar Iowa ta Amurka ta fitar a 2004 ya nuna cewa yaran da aka tsallakar bayan kyakkyawan nazari suna cin gajiyar abin a karatu, kuma yawanci ba ya cutar da zamantakewarsu. Sharaɗin shi ne a auna yaron, a ji ra'ayinsa, a kuma tabbatar malamin da zai karɓe shi yana maraba da shi. Tsallaken da aka yi don rage kuɗin makaranta ko don alfahari ba ya cikin wannan. Har ila yau, akwai batun shekaru. A 2025 hukumar JAMB ta tsaya a kan shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, ta kuma ce wanda bai kai ba sai ya sami maki 320 cikin 400 kafin ma a duba batunsa. Yaron da aka tsallakar sau biyu yana iya gama sakandare yana ɗan sha huɗu, ya zauna a gida yana jira. Sauri ya haifi nawa ke nan.

6.3 Makarantar Haziƙai

A nan yaro zai sami abokan tunani da aikin da ya kai ƙarfinsa, wasu ma a nan suke fara jin cewa ba su kaɗai ba ne a duniya. Sai dai akwai abin lura. A 1984 Herbert Marsh da John Parker suka bayyana abin da aka sani da tasirin babban kifi a ƙaramin tafki: ɗalibi yana auna kansa ne da waɗanda ke zaune kusa da shi, don haka idan aka kai shi inda kowa gwani ne, sai ƙimar da yake ba kansa ta ragu ko da iliminsa bai ragu ba. A 1999 Moshe Zeidner da Esther Schleyer suka gwada wannan a kan yara masu baiwa a Isra'ila. Sun gano cewa waɗanda aka keɓe a azuzuwan haziƙai zalla sun fi fargabar jarrabawa, sun kuma fi raina iyawarsu, idan aka kwatanta da waɗanda ke azuzuwa na gama-gari. Wannan ba ya nufin makarantar haziƙai ba ta da kyau. Yana nufin mai fargaba yana buƙatar shiri kafin a kai shi, musamman idan makarantar ta kwana ce kuma tana da nisa.

6.4 Darasi Daga Makarantar Allo

Akwai hanya ta huɗu da Bahaushe ya daɗe da sani. A makarantar allo yara suna zaune wuri ɗaya, amma kowa da inda karatunsa yake. Wani yana babbaƙu, wani farfaru, wani ya yi nisa. Duk wanda ya iya allonsa sai ya biya wa malam, ya wanke, a yi masa ƙari. Mai saurin ɗauka ba ya jiran kowa, ba a kuma raba shi da sa'o'insa. Ba a cewa tsarin ba shi da nasa matsaloli, bulala ma tana cikinsu. Amma ƙa'idar da ya ginu a kai, wato kowa ya tafi daidai ƙarfinsa, ita ce masana ilimin zamani ke ba da shawara a kai. A makarantar boko ana iya barin yaro a ajinsa, ya riƙa zuwa aji na gaba a darasin da ya fi ƙwarewa kawai, alal misali lissafi. Ana kuma iya rage masa maimaicin abin da ya riga ya iya, a ba shi aiki mai zurfi a madadinsa. Ga mai fargaba, wannan ce hanya mafi sauƙin gwadawa, domin idan ba ta yi ba ana iya janyewa ba tare da kowa ya ji kunya ba.

7.0 Abubuwan Dubawa Kafin Yanke Shawara

Na farko, a gano tushen fargabar. A lura da ranakun da ciwon ciki ko kuka ke zuwa. Idan ranar wani darasi ne, wataƙila malamin ne ko darasin. Idan kullum da safe ne kuma yana warkewa ranar Asabar, a dubi hanya ko cin zalin manyan ɗalibai. Idan har lokacin hutu ma bai daina ba, to matsalar ta wuce aji, kuma canza makaranta ba zai magance ta ba.

Na biyu, a dubi malami kafin gini. Uba ko uwa su nemi izinin zama a bayan aji na rabin sa'a, su ga abin da ke faruwa idan yaro ya ba da amsar da ba daidai ba. Ana yi masa dariya? Ana dukansa? Ana karanta maki da ƙarfi daga na ɗaya zuwa na ƙarshe? Ajin da kuskure ke jawo tozarci bai dace da mai fargaba ba, ko da makarantar ta fi kowace suna.

Na uku, a dubi harshe. Shirin firamare na shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci, ya nuna cewa koyo da harshen uwa bai hana su iya Ingilishi ba, ya ma taimaka musu a darussa da dama. Malamin da zai bar yaro ya fara bayyana tunaninsa da Hausa kafin ya juya shi zuwa Ingilishi ya cire masa babban kaya. Makarantar da ke cin tarar yara don sun yi harshen gida tana ƙara wa mai shiru dalilin yin shiru.

Na huɗu, a dubi nisa da aboki. Makaranta matsakaiciya da yaro zai isa cikin minti goma tare da abokinsa ɗaya na kirki ta fi masa shahararriya da zai shiga keke biyu kafin ya kai, shi kaɗai.

Na biyar, a tambayi yaron. Tambayar "kana son sabuwar makaranta?" ba ta da amfani, domin zai faɗi abin da yake zaton ana son ji. Gara uwa ta ce, "Auta, wane lokaci ne ka fi jin daɗi a makaranta? Wane lokaci ne gabanka ke faɗuwa?" A kuma bar shi ya gama magana.

Na shida, a yi gwaji na zango ɗaya, a gaya wa yaron tun farko cewa komawa ba faɗuwa ba ce. A kuma kiyaye kada tausayi ya sa a riƙa barinsa a gida duk ranar da ya ji tsoro, domin gudun abin tsoro yana ƙara masa girma. A riƙa kusantar da shi a hankali: yau ya amsa tambaya a rubuce, gobe ga malam shi kaɗai, jibi gaban yara biyar.

Daga ƙarshe, a san lokacin neman taimako. Idan yaro ya ƙi makaranta na makonni, ko ya rame, ko ya daina magana, ko ya fara ambaton mutuwa, a kai shi asibiti. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zuwa can ba alamar hauka ba ce. Larurar fargaba tana jin magani, musamman idan an tare ta da wuri.

8.0 Kammalawa

Wannan muƙala ta yi bayanin ma'anar baiwa da fargaba, ta bambanta fargaba da kunya, ta kuma nuna cewa baiwa ba ita ce ke haifar da fargaba ba. An ga cewa aji mai sauƙi yana hana haziƙi koyon juriya, aji mai tsananin gasa kuma yana iya karya masa gwiwa. A garin Jos, inda harshe da hanya da tarihin rikici duk suke shiga aji tare da yaro, ya kamata iyaye su fara da ƙaramin mataki, wato ƙara masa aiki a darasin da ya fi ƙwarewa a hannun malamin da ya saki jiki da shi, kafin a kai ga tsallake ko makarantar kwana. Ga ɗalibin harshe da zai tsaya gaban allo nan gaba, aikinsa na farko shi ne ya iya bambanta shirun kunya da shirun fargaba. Yaron da ke zaune a ƙarshen benci bai ce uffan ba yana iya zama shi ne ya fi kowa sanin amsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarar sai ya san ƙarfin iccen da ke hannunsa.